Albarka Ce ko Ɗaurin Aure? Fashin Baƙi Kan Takardar da Ta Raba Kan Shugabannin Cocin Katolika

Shin da gaske ne Fafaroma ya halatta auren jinsi? Tun ranar 18 ga Disamba 2023 wannan tambaya ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. A ranar ce ofishin Fadar Batikan mai kula da koyarwar addini ya fitar da wata takarda mai suna Fiducia Supplicans, ɗauke da sa hannun shugaban ofishin, Kadinal Víctor Manuel Fernández, da kuma amincewar Fafaroma Francis. Kafin gari ya waye labari ya karaɗe duniya cewa an buɗe wa 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo ƙofar aure a coci. Waɗanda ba Kiristoci ba suka riƙa tambayar abokansu Kiristoci, 'yan Katolika suka riƙa tambayar limamansu, limaman kuma suka zuba ido suna jiran abin da bishop-bishop za su ce.

Gajeriyar amsa ita ce a'a. Takardar ba ta halatta auren jinsi ba, ta ma sake jaddada cewa aure tsakanin namiji ɗaya ne da mace ɗaya. Amma wanda ya tsaya a nan bai yi wa mai tambaya adalci ba, domin akwai abin da ya sauya, kuma shi ne ya sa mafi yawan bishop-bishop na Afirka suka ce ba za su aiwatar da wani sashe na takardar ba. Abin da ya sauya ya shafi kalma ɗaya, wato albarka.

Aure a mahangar Katolika

Ikilisiyar Katolika tana da manyan ibadu bakwai da take kira sakramenti, irin su baftisma da tarayya mai tsarki (karɓar gurasar da aka tsarkake a sujada) da furta zunubi a gaban limami. Aure ɗaya ne daga cikinsu. A koyarwarta, aure alkawari ne na har abada tsakanin namiji da mace, wanda aka kafa domin amfanin junansu da kuma haihuwa da tarbiyyar 'ya'ya. Hujjarta tana komawa ga Littafin Farawa, inda aka ce mutum zai bar mahaifinsa da mahaifiyarsa ya manne wa matarsa su zama jiki ɗaya, da kuma maganar Yesu a Matiyu sura ta 19, cewa abin da Allah ya haɗa kada mutum ya raba.

Abubuwa biyu suka biyo bayan wannan. Na farko, babu saki. Idan aure tsakanin mutum biyu masu baftisma ya ƙullu kuma sun tare, mutuwa ce kaɗai ke raba shi. Kotun ƙasa na iya ba su takardar rabuwa, amma a wurin Ikilisiya suna nan mata da miji. Abin da kotun coci ke iya yi shi ne ta bincika ta ce auren tun asali bai ƙullu ba, saboda tilas ko yaudara ko wani cikas makamancin haka. Na biyu, duk wata saduwa da ba a cikin irin wannan aure ba zunubi ce, ko tsakanin namiji da mace take, ko tsakanin jinsi ɗaya.

Game da masu sha'awar jinsinsu, littafin koyarwar Katolika na Katikizim, wanda ya fito a 1992, ya yi magana a sakin layi na 2357 zuwa 2359. Ya ce aikin ya saɓa wa tsarin halitta kuma ba za a taɓa amincewa da shi ba. Ya kuma ce mutanen da ke da wannan sha'awa dole a karɓe su da mutunci da tausayi, a guji nuna musu wariya ta zalunci, su kuma an kira su ga kame kai. Wannan rarrabewa tsakanin mutum da aikinsa ta daɗe, ba Francis ne ya ƙirƙiro ta ba. Fiducia Supplicans ba ta taɓa ko harafi ɗaya a cikin waɗannan sakin layi ba.

Su wa ake nufi da "zaman da bai cika ƙa'ida ba"?

Nan ne kanun labarai suka fi yin ɓarna. Takardar ta ambaci rukuni biyu: masu zama tare alhali jinsinsu ɗaya, da kuma masu zaman da bai cika ƙa'idar coci ba. Rukuni na biyu ya ninka na farko yawa nesa ba kusa ba, amma da ƙyar aka ji an ambace su.

A cikinsu akwai saurayi da budurwa masu zaman dadiro. Akwai matar da mijinta ya gudu ya bar ta da yara, kotu ta raba su, ta sake aure shekara ashirin da suka wuce, alhali auren farko na nan a rubuce a littafin coci. Akwai kuma waɗanda kowa a danginsu ya san su a matsayin mata da miji, an biya sadaki, an yi biki, ko an ɗaura a ofishin rajista, amma ba su je gaban limami ba. Tun babban taron bishop-bishop na Trent a ƙarni na 16 aka kafa dokar cewa ɗan Katolika zai ɗaura aurensa ne a gaban limamin coci da shaidu, in ba haka ba Ikilisiya ba ta lissafa shi aure ba, sai dai in an ba shi izini na musamman. Irin waɗannan mutane suna zuwa coci duk Lahadi, suna kawo 'ya'yansu baftisma, suna ba da baiko, amma idan lokacin tarayya mai tsarki ya yi sai su zauna a kujerunsu suna kallon layi yana wucewa. Duk wanda ya san cocin Katolika daga ciki ya san wannan zaman.

Me ake nufi da albarka?

A Littafi Mai Tsarki albarka tana da fuska biyu. Akwai wadda take hawa daga mutum zuwa ga Allah, wato yabo da godiya. Akwai wadda take sauka daga Allah zuwa ga mutum, kamar wadda aka umarci Haruna da 'ya'yansa su riƙa sa wa Isra'ilawa a Littafin Ƙidaya sura ta 6, cewa Ubangiji ya sa musu albarka ya kiyaye su, ya haskaka fuskarsa a kansu, ya ba su salama. Limaman Katolika suna sa albarka ga kusan komai: jariri, mara lafiya, sabon gida, mota, gona, matafiyi, fursuna. A ƙarshen kowace Misa, wato babbar sujadar Katolika, ana sa wa jama'a duka albarka, ba a tsayawa a tantance waliyyi da mai zunubi.

Abin da Fernández ya kawo, wanda shi da kansa ya ce ci gaba ne a fahimtar albarka, shi ne raba ta gida biyu. Akwai albarka ta ibadar coci, mai rubutattun kalmomi a littafin addu'a da tsari da aka amince da shi. Irin wannan, in ji takardar, tana buƙatar abin da ake sa wa albarkar ya dace da nufin Allah, don haka ba za a yi ta a kan dangantakar da ba aure ba. Sai kuma albarka ta kiwon garke, wadda makiyayi ke bayarwa nan take idan wani ya tare shi ya ce, "Fada, a sa mini albarka." Wannan ba ta da littafi, ba ta da tsari, kuma takardar ta ce bai kamata a gindaya wa mai roƙonta sharaɗin binciken halinsa kafin a ba shi ba. Wanda ya roƙi albarka, a ganin takardar, ya riga ya amsa cewa yana buƙatar taimakon Allah.

A cikin wannan gida na biyu ne aka ce limami na iya sa wa mutum biyu albarka idan sun zo tare, ko da zamansu ya saɓa wa koyarwar coci.

Yadda aka zo nan

Maganar ba daga sama ta faɗo ba. A watan Yuli na 2013, cikin jirgi a hanyarsa ta komawa Roma daga Brazil, Francis ya faɗi maganar da ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa: idan mutum yana sha'awar jinsinsa amma yana neman Ubangiji da kyakkyawar niyya, "wane ni da zan yanke masa hukunci?" A 2015 ya sauƙaƙa hanyar da kotunan coci ke bi wajen binciken auren da ake zargin bai ƙullu ba. A 2016 ya fitar da wata takarda kan iyali mai suna Amoris Laetitia, wadda ta buɗe wata 'yar ƙofa ga wasu da suka sake aure bayan rabuwa su karɓi tarayya mai tsarki bayan doguwar shawara da limami, abin da ya tayar da ƙura ita ma.

A lokaci guda matsin lamba yana ƙaruwa daga arewacin Turai, inda gwamnatoci suka halatta auren jinsi, kuma limamai da yawa suka daɗe suna sa albarka a ɓoye. Sai aka aika wa Batikan tambaya kai tsaye: shin Ikilisiya na da ikon sa wa haɗuwar jinsi ɗaya albarka? Amsar ta fito ranar 15 ga Maris 2021, da sa hannun shugaban ofishin koyarwa na wancan lokaci, Kadinal Luis Ladaria, kuma a'a ce. Bayanin da ya biyo baya ya ce Allah yana sa wa mai zunubi albarka domin ya tuba, amma ba ya sa wa zunubi albarka, ba zai ma iya ba.

Wannan amsa ba ta kashe wutar ba. A watan Mayu na shekarar, limamai a coci-coci kusan ɗari a Jamus suka fito fili suka yi bukukuwan sa albarka don nuna rashin amincewa. A Satumba 2022 bishop-bishop na yankin Flanders a Beljiyam suka wallafa rubutacciyar addu'a ta irin waɗannan ma'abota zama. A Maris 2023 babban taron sauye-sauye na 'yan Katolikan Jamus ya kaɗa ƙuri'a da gagarumin rinjaye don a fara irin wannan biki a hukumance. Daga ɗaya ɓangaren kuma, kadinal biyar masu ra'ayin riƙau, wato Brandmüller da Burke da Sandoval da Sarah da Zen, suka aika wa Fafaroma tambayoyi suna neman ya fito ya ce e ko a'a. Amsar da ya ba su, wadda aka wallafa a farkon Oktoba 2023, ta ce aure na nan yadda yake, amma bai kamata limamai su zama alƙalan da aikinsu kawai hanawa da kora ba. A tsakanin nan ne Fernández, ɗan ƙasar Ajantina kamar Francis kuma na hannun damansa tun da daɗewa, ya karɓi ofishin koyarwa. Wata uku da kama aikinsa takardar ta fito.

Ana iya karanta ta a matsayin yunƙurin tare ɓaraka daga gefe biyu: a ba Jamusawa wani abu, amma a hana su biki da littafi.

Abin da ta yarda da shi da abin da ta hana

Sharuɗɗan a bayyane suke. Ba za a sa albarkar a lokacin ɗaurin aure na gwamnati ba, ko a wani taro da ke da alaƙa da shi. Ba za a sa tufafin biki ba, ba za a yi wata alama ko a furta wata kalma da aka san ta da ɗaurin aure ba. Ba a yarda wani bishop ko wata majalisar bishop-bishop ta rubuta tsarin addu'a na musamman don wannan ba. Wuraren da takardar ta ba da misali su ne ziyarar wuri mai tsarki, ko ganawa da limami, ko addu'ar rukuni, ko tafiyar ibada. Ta kuma ce manufar ba wai a halatta matsayin mutanen ba ne, sai dai a roƙi Allah ya tsarkake abin da ke mai kyau a rayuwarsu, ya warkar da abin da ya lalace.

Takardar ta ce kada a jira wani ƙarin bayani bayan ita. Amma hayaniyar ta yi yawa har ta kai ga ranar 4 ga Janairu 2024 ofishin ya sake fitar da sanarwa mai tsawo, kuma a cikinta ne aka zana yadda abin zai kasance a aikace.

Misalin da aka bayar shi ne na wasu mutum biyu, namiji da mace, waɗanda auren farko ya mutu musu suka haɗu suna zama tare. Suna cikin cincirindon masu tafiyar ibada sai suka matso kusa da limami suka ce ya sa musu albarka, ba su da aikin yi, mijin ba shi da lafiya, ba su da gida, rayuwa ta yi musu tsanani. Limamin ba ya kai su gaban bagade, ba ya buɗe littafi. A inda suke tsaye yake ɗaga murya ya roƙi Ubangiji ya dubi waɗannan 'ya'ya nasa, ya ba su lafiya da aiki da salama da taimakon juna, ya kuɓutar da su daga duk abin da ya saɓa wa Bishararsa, ya sa su yi rayuwa bisa nufinsa. Sai ya yi alamar gicciye a kan kowannensu ɗaya bayan ɗaya. Sanarwar ta ce duka abin daƙiƙa 10 zuwa 15 ne.

Da na karanta wannan misali, abin da ya zo mini a rai shi ne limamai da yawa sun daɗe suna yin haka ba tare da wata takarda ba, kuma da wuya a sami wanda zai juya wa waɗannan mutum biyu baya. To me ya kawo rigimar?

Inda aka rabu

Rigimar tana kan kalmar da takardar ta zaɓa. Ba ta ce a sa wa mutum albarka ba, wannan babu mai musu a kansa. Cewa ta yi a sa wa "ma'abota zama tare" albarka, wato su biyun a matsayinsu na biyu. Masu suka suka ce: me ya mayar da mutum biyu ma'abota juna in ba dangantakarsu ba? Idan ka sa musu albarka a haɗe, ka sa wa abin da ya haɗa su albarka ke nan, ko ka faɗa ko ba ka faɗa ba. Kadinal Gerhard Müller, wanda shi ma ya taɓa shugabantar wannan ofishi, ya ce takardar tana saɓa wa kanta. Kadinal Robert Sarah na ƙasar Gini ya fito da kakkausar murya yana mara wa masu ƙin ta baya. A Astana ta Kazakistan, Babban Bishop Tomash Peta da mataimakinsa Athanasius Schneider suka haramta wa limamansu yin ta kwana ɗaya bayan fitowarta.

Masu goyon baya suka ce a dangantakar mutum biyu akwai abubuwa da yawa ban da shimfiɗa. Akwai jinyar juna, akwai riƙon amana na shekaru, akwai 'ya'yan da ake reno. Roƙon Allah ya ƙarfafa wannan ya gyara wancan ba amincewa da zunubi ba ne. Francis da kansa ya yi ta nanatawa cewa mutanen ake sa wa albarka, ba haɗuwar ba. A wata hira a farkon 2024 ya ce babu wanda ke tayar da jijiyar wuya idan ya sa wa ɗan kasuwan da ke zaluntar ma'aikatansa albarka, alhali wannan babban zunubi ne, amma da an ce ɗan luwaɗi sai a ce an yi saɓo. Ya kira wannan munafunci.

A ganina kowane ɓangare ya riƙe wani yanki na gaskiya. Hujjar Francis game da ɗan kasuwan tana da ƙarfi, domin ta tona yadda mutane ke zaɓar zunubin da za su ƙyamata. Amma ba ta amsa ainihin tambayar masu suka ba, tunda ɗan kasuwan shi kaɗai yake zuwa, ba ya zuwa da zaluncin nasa a gefensa ya ce a sa musu albarka tare. Kuma akwai abin da marubutan takardar ba su auna da kyau ba: alama ta fi rubutu saurin tafiya. Washegarin fitowar takardar, wani sanannen limami ɗan ƙungiyar Jesuit a birnin New York, James Martin, ya sa wa wasu maza biyu albarka suna riƙe da hannun juna, jarida ta ɗauki hoto, hoton ya zagaye duniya. Mutum miliyan nawa ne suka ga hoton, kuma nawa ne a cikinsu suka karanta sakin layi 45 na takardar? Ga mai kallo daga nesa, limami ya ɗaga hannu a kan maza biyu, shi ke nan. Wannan damuwa ta gaskiya ce, kuma bai kamata a kira duk mai ita maƙiyin wani ba.

Afirka ta ce a'a

Babu inda martanin ya kai na Afirka ƙarfi, nahiyar da ke da kusan kashi ɗaya cikin biyar na 'yan Katolika biliyan 1.4 na duniya, kuma inda yawansu ya fi saurin ƙaruwa. Cikin 'yan kwanaki bishop-bishop na Malawi da Zambiya suka ce ba za a yi ba a ƙasashensu. Majalisar bishop-bishop ta Najeriya, ƙarƙashin Babban Bishop Lucius Ugorji na Owerri, ta ce koyarwar aure ba ta sauya ba, kuma babu yadda za a yi a sa wa haɗuwar jinsi ɗaya albarka, domin hakan ya saɓa wa dokar Allah da koyarwar Ikilisiya da dokokin ƙasa da kuma al'adun jama'a.

Ranar 11 ga Janairu 2024 Kadinal Fridolin Ambongo na Kinshasa, shugaban gamayyar majalisun bishop-bishop na Afirka da Madagaska, ya fitar da wasiƙa a madadin nahiyar. Ta ce bishop-bishop na Afirka suna nan daram tare da Fafaroma, amma ba za a sa wa ma'abota jinsi ɗaya albarka ba, domin hakan zai rikita masu bi. Abin lura shi ne Ambongo ya je Roma ne aka tsara wasiƙar, kuma ta fito da yardar Francis da Fernández. Wato Batikan da kanta ta amince nahiya guda ta ajiye wani sashe na takardarta. Sanarwar 4 ga Janairu ma ta riga ta ce a ƙasashen da doka ke hukunta luwaɗi, sa albarkar a fili rashin hikima ne, domin zai jefa mutanen cikin haɗari. Najeriya tana da dokar hana auren jinsi tun Janairu 2014 mai ɗaurin shekara 14, Uganda kuma ta kafa tata mai tsanani a Mayu 2023.

Ba duka nahiyar ce ta yi magana da murya ɗaya ba. Bishop-bishop na arewacin Afirka, masu kula da ƙananan garkuna a ƙasashe irin su Aljeriya da Maroko da Tunisiya, sun ce za su sa albarkar idan an roƙa, muddin ba za ta jawo ruɗani ba. Sannan wasiƙar Ambongo ta fi karkata ne ga batun jinsi ɗaya, ta bar kowane bishop ya duba yanayin yankinsa.

Da aka tambayi Francis, ya ce Afirka lamarinta daban ne saboda al'ada. Wannan magana ba ta yi wa shugabannin cocin Afirka da yawa daɗi ba, kuma ina ganin suna da gaskiya. Hujjojin da suka kawo daga Littafin Farawa da wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa da Katikizim suka ɗauko su, littattafan da Roma ma take karantawa. A ce musu al'ada ce kawai ke magana a bakinsu, rage musu daraja ne a matsayinsu na malaman addini.

Girgizar ta wuce Katolikan da ke bin tsarin Roma. Shugaban Cocin Katolika na Yukren mai bin tsarin gabas, Sviatoslav Shevchuk, ya ce takardar ba ta shafi cocinsa ba. A Maris 2024 Cocin Kibɗawa na Masar ya dakatar da tattaunawar tauhidi da yake yi da Katolika. Ya kamata kuma a bambanta wannan da abin da ya faru a Cocin Ingila, wanda ba ya ƙarƙashin Fafaroma. Can a Fabrairu 2023 majalisar cocin ta amince da rubutattun addu'o'i na sa wa ma'abota jinsi ɗaya albarka, aka fara amfani da su a Disamba na shekarar, kusan rana ɗaya da fitowar takardar Batikan. Wannan haɗuwar lokaci ta ƙara dagula fahimtar mutane, har wasu suka ɗauka abu ɗaya ne.

Akwai kuma waɗanda suke ganin takardar ta yi kaɗan. A wurinsu albarkar daƙiƙa 15, a gefe, ba bagade ba shaidu, tana nuna wa mutum cewa shi ɗan bora ne. Shi ya sa a Jamus ba a tsaya ba, a Afrilu 2025 aka fitar da wani jagora ga limamai kan yadda za a shirya irin wannan albarka, wasu bishop-bishop suka karɓa, wasu suka ƙi.

Me wannan ke nufi ga mai bi na ƙasa?

Ga mafi yawan 'yan Katolika babu abin da ya sauya a ranar Lahadinsu. Ba a ɗaura auren jinsi a coci, ba a rubuta sunan kowa a rajistar aure saboda an sa masa albarka, albarkar kuma ba gafarar zunubi ba ce, ba ta buɗe wa kowa hanyar tarayya mai tsarki. Abin da mutum zai samu idan ya roƙa ya dogara da ƙasar da yake da bishop ɗin da ke kansa, wani lokaci ma da limamin da ya tarar. Wannan shi ne sabon abu mai nauyi: Ikilisiyar da ta saba alfahari da cewa abin da ake yi a Roma shi ake yi a ko'ina, yanzu ta yarda amsar tambaya ɗaya ta bambanta daga Berlin zuwa Kinshasa.

Waɗanda na fi tausaya wa a duk wannan su ne rukunin da aka manta da su. Matar nan da ta sake aure, da mutumin da ya yi auren gargajiya bai samu ya kai coci ba, takardar ta zo musu da wani sauƙi, cewa za su iya tsayawa tare a gaban limami a roƙa musu Allah ba tare da an fara karanta musu laifinsu ba. Amma da ƙurar auren jinsi ta tashi, limamai da yawa suka ja baya daga takardar gaba ɗaya, don kada a ce da su wani abu. A Afirka akwai ma tambaya mai kama da wannan wadda ta fi kusa da rayuwar jama'a, ta mutumin da ya shigo Kiristanci da mata fiye da ɗaya: wacce zai riƙe, ina sauran za su je, ina matsayin 'ya'yansu? Babban taron bishop-bishop da aka yi a Roma a Oktoba 2023 ya ɗora wa gamayyar da Ambongo ke jagoranta aikin nazarin wannan batu.

Su kuma masu sha'awar jinsinsu a cikin Ikilisiya, a ƙasashen da aka ƙi takardar, koyarwar Katikizim ta mutunta su tana nan kamar yadda koyarwar haramta aikin take nan. Wasiƙar Ambongo ma ta tuna da haka. Francis ya ce a Janairu 2023 kasancewar mutum mai sha'awar jinsinsa ba laifi ba ne da hukuma za ta hukunta, matsayin da bishop-bishop da dama a Afirka ba su bi shi a kai ba.

Bayan Francis

Francis ya rasu ranar 21 ga Afrilu 2025, aka zaɓi Robert Prevost, haifaffen Amurka da ya daɗe yana aiki a Peru, ranar 8 ga Mayu, ya ɗauki sunan Leo na 14. Mako ɗaya da hawansa ya shaida wa jakadun ƙasashe cewa iyali yana kafuwa ne a kan tabbatacciyar haɗuwar namiji da mace. A wata doguwar hira da aka wallafa a Satumba 2025 ya ce da wuya ƙwarai koyarwar Ikilisiya kan aure da saduwa ta sauya nan kusa, ya ce kowa da kowa ana maraba da shi a coci, ya kuma soki yadda wasu a arewacin Turai ke rubuta tsarin bikin sa albarka, yana mai cewa hakan ya saɓa wa takardar da Francis ya amince da ita. Bai janye Fiducia Supplicans ba, bai kuma nemi bishop-bishop na Afirka su janye matsayinsu ba.